Aikin Sa Kai a Ƙasar Wani: Nazari a Kan Baƙo da Harshen Masu Masauki

Gabatarwa

Tun daga ƙarshen shekarun 1950, dubban samari da 'yammata na ƙasashen Turai da Amurka sun riƙa barin garuruwansu suna tafiya Afirka da Asiya da Kudancin Amurka domin yin aikin sa kai, watau koyarwa a makarantu, ko aikin asibiti, ko gyaran noma da haƙar rijiyoyi, ba tare da albashin a zo a gani ba. Nijeriya da Nijar suna cikin ƙasashen da suka fara karɓar irin waɗannan baƙi. Har yanzu akan sami dattawan 'yan boko waɗanda in aka tambaye su wanda ya koya musu lissafi ko Ingilishi a sakandare, sai su ambaci wani Bature ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wanda ya zauna da su shekara biyu ya koma gida.

Wannan maƙala za ta dubi al'amarin ne ta fuskar harshe. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, amfanin mai aikin sa kai ga mutanen da ya je wurinsu ya rataya ne a kan iya jin maganarsu, fiye da yadda ya rataya a kan kyakkyawar niyyarsa ko takardun shaidarsa. Ya kamata a lura tun daga nan cewa a yau in an ce 'yan sa kai a Zamfara ko Katsina, abin da ke zuwa zuciya shi ne masu tsaron ƙauyuka da bindigogi. Domin kauce wa ruɗani, a nan za a riƙa cewa masu aikin sa kai.

Gayya da aikin sa kai

Yin aiki domin wani ba da lada ba, ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Gayya ita ce misali mafi kusa. Idan noma ya fi ƙarfin magidanci, ko gini ya tsaya masa, sai ya gayyaci samarin gari su taru su yi masa aikin a yini ɗaya, shi kuwa ya tanadi fura da tuwo, wani lokaci har da makaɗan gangar noma. Amma fa a gayya mai gona ne ke kira, shi ne kuma ke nuna inda za a fara da inda za a tsaya. Waɗanda suka zo sun san fartanya, sun san ƙasar wurin, kuma kowannensu ya san wata rana shi ma zai kira a amsa masa. Saboda haka babu wanda ke jin an yi masa alfarmar da za ta sa ya sunkuyar da kai.

Aikin sa kai na ƙetare ya sha bamban da wannan. Gwamnati ce ke gayyatar gwamnati, mutanen ƙauye sai dai su wayi gari su ga baƙo. Baƙon kuwa ya zo ne daga wata duniya, bai san damina da rani na wurin ba, bai san wanda ake gaisarwa a durƙushe ba. Ramuwa ma babu ita, domin ba a taɓa tsammanin manomin Maraɗi zai je Amurka ya taya iyayen baƙon girbi ba. Hanya ɗaya da ta rage wadda za ta kusanto da aikin ga kamannin gayya ita ce baƙo ya iya sauraren mai gona, kuma wannan ba ya samuwa sai da harshe.

Mafarin al'amarin

A shekarar 1958 wani Baturen Ingila, Alec Dickson, wanda ya taɓa aikin horar da matasa a Afirka ta Yamma, ya kafa ƙungiyar VSO tare da matarsa Mora. Waɗanda aka fara turawa samari ne ƙalilan da suka gama sakandare, aka kai su wurare kamar Sarawak da Gana. Daga baya, da ƙasashen da ke karɓa suka nuna ba yara suke bukata ba, sai ƙungiyar ta koma tura masu digiri da ƙwararru.

Wadda ta fi yin suna ita ce ta Amurka, watau Peace Corps. John Kennedy ya fara jefa maganar ga ɗaliban Jami'ar Michigan ran 14 ga Oktoba, 1960, yana cikin yaƙin neman zaɓe, sa'an nan ya sa hannu a kan umarnin kafa ta ran 1 ga Maris, 1961, ya ɗora surukinsa Sargent Shriver a kanta. Rukunin farko ya sauka Gana a ƙarshen watan Agusta na shekarar. Kanada ta kafa CUSO a 1961, Japan ta bi sahu a 1965, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta kafa nata shirin a 1970.

Bukata kam akwai ta. Rahoton kwamitin Ashby na 1960 ya nuna yadda Nijeriya ke fama da ƙarancin malaman sakandare da ƙwararru a daidai lokacin da Turawan mulki ke tattara kayansu, kuma ƙarancin ya fi tsanani a Arewa. To amma akwai wani abin lura a cikin manufofi uku da aka gindaya wa ƙungiyar ta Amurka. Ɗaya ce kaɗai ta shafi samar wa ƙasashe ƙwararrun ma'aikata. Sauran biyun kuwa, watau a san Amurkawa, Amurkawa kuma su san sauran jama'ar duniya, sun shafi fahimtar juna ne, kuma an tsara su ne a zamanin yaƙin cacar baki da Tarayyar Sobiyet. Shugabannin ƙasashe masu tasowa ba su jahilci haka ba. An ruwaito cewa sa'ad da Shriver ya kai wa Nehru na Indiya tayin, Nehru ya karɓa, amma ya nuna cewa matasan Amurka ne za su fi ƙaruwa da mutanen ƙauyukan Indiya, kuma kada a yi mamaki in suka tashi tafiya suka bar wurin yadda suka same shi.

Katin Ibadan

Gwajin farko mai tsanani a Nijeriya ya faru. A cikin 1961 rukunin farko na Amurkawa, bayan horon 'yan makonni a Jami'ar Harvard, ya iso Kwalejin Jami'a ta Ibadan domin ƙarasa shiri kafin a rarraba su makarantu. A cikin watan Oktoba wata budurwa daga cikinsu ta rubuta wa wani abokinta a Amurka katin gidan waya, irin wanda ba a sa shi cikin ambulan. A ciki ta bayyana kaɗuwar da ta yi da ganin ƙazanta da talauci, da yadda mutane ke girki da ciniki har da biyan bukata a bakin titi, ta kuma kwatanta zaman da cewa na mutanen da ba su waye ba ne. Katin bai kai Amurka ba. Ya faɗa hannun ɗalibai, aka buga kofe-kofensa aka baza a kwalejin, aka yi gangami, aka kira baƙin 'yan leƙen asiri, aka nemi a kore su gaba ɗaya. Kafin a ankara labari ya cika jaridun Ikko da na duniya. Budurwar ta rubuta takardar neman gafara, ta bar ƙasar.

Ba za a fahimci zafin fushin ɗaliban ba sai an tuna da lokacin. Shekara ɗaya ke nan cif da samun mulkin kai. A ƙarshen 1960 ɗaliban wannan kwaleji sun yi zanga-zanga a Ikko a kan yarjejeniyar tsaro tsakanin Nijeriya da Ingila, wadda aka soke a farkon 1962. A watan Janairun 1961 aka kashe Patrice Lumumba a Kwango, zargi kuwa ya faɗa kan ƙasashen Yamma. Mutanen da suka shekara sittin ana ce musu ba su waye ba, sai ga wadda ta zo da sunan zumunci ta maimaita kalmar.

Akwai marubutan jarida 'yan Nijeriya da suka kare ta a lokacin, suna cewa abin da ta faɗa ba ƙarya ba ne. Lalle idonta bai yaudare ta ba. Ana girki a titi, ana ciniki a titi. Inda aka sami tangarɗa shi ne fassarar abin da idon ya gani. Wanda ya ji Yarabanci, ya zauna kusa da mai tuyar ƙosai ya yi hira da ita, zai gane cewa bakin titin nan kasuwa ce mai shugabanni da ƙa'idoji, cewa matan suna da adashinsu, kuma da ribar wannan tuya ake biyan kuɗin makarantar wasu daga cikin ɗaliban da suka yi gangamin. Talaucin yana nan, amma akwai tsari a cikinsa, tsarin kuwa da kunne ake gane shi. Budurwar ba ta yi wata guda cikakke a ƙasar ba, ba ta da kunnen tukuna, sai ta yanke hukunci da ido kaɗai.

Yadda rikicin ya lafa shi ma abin nazari ne. Ɗalibai sun ƙaurace wa baƙin, ba magana, ba cin abinci tare. Sai wasu daga cikin baƙin suka ƙi cin abinci sam, har sai an yarda a zauna da su. Bayan 'yan kwanaki ɗaliban suka sauko, aka fara tattaunawa. Ba a kori kowa ba, rukunin ya watsu zuwa makarantu, shirin kuma ya ci gaba da girma har yaƙin basasa na 1967 ya sa aka kwashe waɗanda ke Gabas, daga nan ya yi ta ja da baya.

Abin da harshe ke buɗewa

Koyon Hausa ga baƙo ba ƙaramin aiki ba ne. Tun a matakin furuci zai ci karo da karin sauti da tsawon wasali da baƙaƙe masu lanƙwasa, waɗanda babu su a Ingilishi. Kalmar baki ta jikin mutum, da baƙi na launi, da baƙi jam'in baƙo, duk ɗaya suke a kunnensa. Haka gari na zama da gari na tuwo, waɗanda tsawon wasalin farko ne kaɗai ya raba su. Wannan kuskure ne da ake yi wa dariya a wuce, har ma yakan jawo wa baƙo farin jini, domin Bahaushe yana son ya ga ana ƙoƙarin harshensa.

Wahalar gaske tana can gaba, inda harshe ya haɗu da al'ada. Alal misali, a ɗauki baƙuwar da aka tura aikin lafiyar mata da yara a wani ƙauye. Takardar da ke hannunta tana bukatar sunan yaro da sunan uba. Ta tambayi uwa sunan ɗanta na fari, uwa ta kau da kai ta yi shiru. Ta tambayi sunan maigida, sai wata maƙwabciya ta amsa. Wadda ba ta san alkunya ba za ta rubuta a rahotonta cewa matan ba su ba da haɗin kai ba, ko ma cewa ba su damu da 'ya'yansu ba. Haka kuma malamin gona da ya kawo sabon iri, ya yi bayani a ƙofar fada, dattawa suka ce to, madalla, Allah ya kai mu. Shi a ganinsa an amince. Bai san cewa Bahaushe ba ya ce wa baƙo a'a a bainar jama'a ba, kuma akwai to ta yarda, akwai to ta an ji, akwai to ta a bar maganar. Damina ta faɗi, ya ga kowa ya shuka irinsa na gado, sai ya ce mutanen ba su da alkawari. Da yana jin hirar da aka yi a dandali bayan tashinsa, da ya san dalilin: wataƙila irin ba ya jure fari, ko tsuntsaye sun fi cinsa, ko tuwonsa ba ya kwana.

Mai aikin sa kai da bai iya harshe ba tilas ya dogara da tafinta, tafinta kuwa mutum ne mai dangi da abokan gaba a garin. Tun zamanin Turawan mulki an san ƙarfin da tafinta da masinja ke da shi wajen tace abin da zai kai kunnen joji ko Di'o. Baƙon da ke ji ta bakin mutum ɗaya zai haƙa rijiya inda mutumin ya so, ya raba magani ga waɗanda mutumin ya kawo. Matan kulle, da talakawan da ba su zuwa fada, da Fulanin da ke bayan gari, ba zai taɓa jin ta bakinsu ba, alhali sau da yawa su ne aka ce ya zo domin su.

Ƙungiyoyin da kansu sun gane haka da wuri. A Nijar, inda Amurkawa suka fara aiki a 1962, an riƙa ba su horon Hausa ko Zabarmanci ko wani harshen ƙasa kafin a kai su ƙauye, da yawansu kuma suka fito suna magana ba laifi. Shirin ya ɗore har watan Janairun 2011, sa'ad da aka dakatar da shi bayan sace wasu Faransawa biyu a Yamai.

Wa ya ci riba?

Ɗaliban Hausa suna da dalili na musamman na sanin wannan tarihi, domin wasu littattafan da suke ɗauka kullum daga nan suka samo tushe. Paul Newman yana cikin rukunin farko na 1961, an kuwa tura shi koyarwa a Maiduguri. A can sha'awar harsunan yankin ta kama shi, ya koma ya yi digirinsa na uku a kan harshen Tera, ya kuma yi aiki tare da Roxana Ma a kan dangantakar harsunan Cadi. A farkon shekarun 1970 ya shugabanci Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, inda aka tsara Sabon Ƙamus na Hausa zuwa Turanci wanda ya fito a 1977, da taimakon malamai irin su Ibrahim Yaro Yahaya. Babban littafinsa na nahawun Hausa ya fito a shekarar 2000. Russell Schuh kuma a Nijar ya yi nasa aikin a tsakiyar shekarun 1960, a fannin yaƙi da jahilci a yankin Agadas. Daga baya ya yi rubuce-rubuce a kan Ngizim da Bade da Miya da karin waƙoƙin Hausa, ya kuma wallafa littafin koyon Hausa tare da Ronayne Cowan a 1976. Ya rasu a 2016.

Waɗannan misalai suna tabbatar da abu biyu da suke kamar suna karo da juna. Baƙon da ya koyi harshe shi ne ya bar abin da ya ɗore. Amma kuma shi ne ya fi kowa ƙaruwa: ya zo yana saurayi, ya tafi da sana'ar da ta riƙe shi har tsufa. Ilimin da ya kai shi ga kujerar farfesa daga bakin ɗalibansa da masu masaukinsa ya tsinto shi, waɗanda galibi sunansu bai wuce shafin godiya ba. Wannan ba laifi ba ne a kan kowa, sai dai yana nuna cewa kalmar taimako ba ta bayyana abin da ya gudana ba. Musaya aka yi, kuma ya kamata a kira ta da sunanta.

Akwai masu ganin ko musayar ma ba ta kai ba. A 1968, malamin nan Ivan Illich ya tsaya gaban taron ɗalibai 'yan Amurka masu zuwa aikin hutu a ƙauyukan Meziko, ya gaya musu su zo su yi karatu ko yawon buɗe ido, amma su daina zuwa da sunan taimako, tun da ba su jin harshen talakawan da za su iya gaya musu illar da suke yi. Maganarsa ta fi dacewa da abin da ya yaɗu daga baya, watau tafiyar mako biyu ko uku wadda matashi ke biyan kamfani kuɗi a kai shi ya yi fentin aji ko ya yi wasa da marayu. Mai shekara biyu akan ce shekarar farko koyo yake yi, a ta biyu yake aiki. Mai mako biyu kuwa ko gaisuwa bai gama koya ba. A Kambodiya bincike ya nuna cewa mafi yawan yaran da ke gidajen marayu suna da uwa ko uba a raye, an tara su ne domin akwai baƙi masu kawo kuɗi. Abin ya kai har dokar Ostareliya ta 2018 a kan bautar zamani ta sa aka ɗauki irin wannan safarar yara a matsayin bauta.

Sa'ad da ɗan Nijeriya ya zama baƙo

A 1987, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, lokacin da Farfesa Bolaji Akinyemi ke ministan harkokin waje, Nijeriya ta kafa nata shirin na tura ƙwararru zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik. Malamai da likitoci da ma'aikatan jinya da injiniyoyi kan tafi na shekara biyu, Nijeriya ta biya su alawus, ƙasar da ta karɓe su ta ba su masauki. An tura mutane Gambiya da Uganda da Jamaika har da Fiji. Shirin ya kauce wa wasu kurakuran farko, domin ƙwararru ake turawa, kuma ƙasar da ke bukata ita ke faɗin irin ma'aikatan da take so.

Sai dai kamancen fata ba ya maye gurbin harshe. Likitan da ya tashi daga Zariya ya sauka wani asibitin ƙauye a Gambiya zai tarar da marasa lafiya masu Mandinka da Wolof, kuma zai bukaci tafinta kamar yadda Ba'amurke ya bukata a Maiduguri. A nan Bahaushe yana da wani rauni nasa na kansa. Harshensa ya daɗe yana harshen kasuwa, tun daga Salaga da zangon Kumasi har zuwa Sudan, saboda haka ya saba wasu su koyi nasa, bai saba koyon na wasu ba. Ɗabi'ar da ake zargin Bature mai Ingilishi da ita, tana iya bayyana ga Bahaushe da zarar ya tsallaka iyakar inda ake jin Hausa.

Ko a cikin gida ana ganin alamar haka. Shirin yi wa ƙasa hidima, wanda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973, ba aikin sa kai ba ne tun da tilas ne, amma yana kai matashi inda ba ya jin harshen mutane, ya ba shi aji ko asibiti. Darasin harshen da ake bayarwa a sansanin mako uku bai wuce gaisuwa da ƙirga da tayin kaya a kasuwa ba. Littattafan koyar da Hausa ga wanda ba Bahaushe ba kuwa, waɗanda suka yi fice tun daga na Hodge da Ibrahim Umaru na 1963 zuwa na Kraft da Kirk-Greene na 1973, an tsara su ne domin mai jin Ingilishi na Turai da Amurka. Bayarabiyar da aka tura asibitin ƙauye a Jigawa, wadda ta riga ta san karin sauti daga harshenta amma ba ta san ƙa da ɗa ba, ba ta kuma san yadda ake tambayar mace laulayin ciki a gaban surukarta ba, wani irin littafi dabam take bukata, kuma sassan Hausa na jami'o'i ne ke da malamai da ɗaliban da za su iya rubuta shi.